Jiƙon Kwana Uku na Gwaggo Barira

Assalamu alaikum masu bibiyata. Yau zan faɗi abin da na yi wata goma sha huɗu ina dannewa, don haka wadda ta san tuwonta na kan wuta ta je ta sauke tukuna, kada ta ce ni na jawo mata ƙauri.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Munawwara, shekaruna ashirin da huɗu, ɗinki nake yi a gidanmu da ke Kwandiko, ƙasar Gwaram. Mahaifiyata ta rasu tun ina rarrafe, Gwaggo Barira ce ta raine ni, yayar Babana. Wanda ke nemana da aure Safiyanu ne, ɗan Birnin Kudu. Soyayyar nan tamu da kuke ta sa wa albarka a ƙasan rubutuna, a kan ƙarya aka kafa ta, kuma ƙaryar tawa ce.

Bayan rasuwar Baba da kamar wata uku na kwanta ciwo, irin wanda ba zazzaɓi ba ciwon kai. Ba ma kuka nake yi ba. Komai ne kawai ya fice mini daga rai. Sai in zauna gaban keken ɗinki tun hantsi har azahar ina kallon allura. Ɗinkin sallah na mutum goma sha ɗaya ya yi sallar a ɗakina. Wanka sai Gwaggo ta yi da gaske, abinci kuwa ko me aka sa mini a baki ɗanɗanonsa ɗaya. Ƙawata Ummussalma, wadda ke aikin jinya, ita ta zo ta ɗaure fuska ta sa ni a mota har babban asibitin Birnin Kudu.

Likitar wata 'yar gajeriyar mata ce mai tabarau. Ta saurare ni tsaf, ta ce ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo. Ta rubuta mini magani, ɗaya kowace safiya, sannan ta cire tabaran ta dube ni.

"Munawwara, wannan ba zai yi aiki gobe ba, ba jibi ba. Sati uku, huɗu, wani ma har shida. Kada ki daina don kin ga shiru. In kin ji sauƙi ma kada ki daina sai na ce."

Gwaggo kuwa tata fahimtar daban ce. A wurinta magani in magani ne, a sha da hantsi a ga aikinsa kafin la'asar. Kullum in na haɗiya sai ta jawo kujera ta zauna ta zuba mini ido.

"Kin ji wani abu?"

"A'a, Gwaggo."

"Ko ɗan gumi?"

"Babu."

"Ko gyatsa?"

Haka muka yi kwana ashirin da ɗaya. Rana ta ashirin da ɗaya ta ɗauki katin maganin ta riƙe shi da yatsu biyu, ta ce abu ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero ba shi zai tayar da mutum mai kilo hamsin ba, ta wuce bayan gida ta jefa shi masai. Ta dawo ta ɗora tukunya. Sassaƙen marke, ganyen sabara, tsamiya, citta, kanumfari, jar kanwa, da wata saiwa da har yau ba ta faɗa wa kowa sunanta ba. Ta jiƙa, ta tace, ta toshe mini hanci ta ɗura mini.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, kati biyu aka ba ni. Ɗayan yana aljihun kekena, ƙarƙashin zarurruka. Na ci gaba da sha a ɓoye. Kada ku ce jarumta ce. Likita ta ce kada in daina, ni kuma a lokacin ba ni da ƙarfin da zan yanke wata shawara ta kaina.

Kwana uku da fara jiƙo, na farka da safe na ji yunwa, yunwa ta gaske. Na leƙa na ce, "Gwaggo, akwai ɗumame?" Ina cikin ci akuyarmu ta tura kai cikin ƙwaryar dusa ta kasa fitarwa, ta dinga ja da baya tana cin karo da turmi, sai na ji dariya ta kuɓuce mini. Gwaggo ta saki ludayi ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Tun daga ranar ta zama Gwaggo Mai Jiƙon Kwana Uku. Mata daga Zandam, daga cikin Gwaram, har daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kowacce da galan ɗinta. Sai da ta sayi sabuwar randa. Ni kuma na zama kayan talla. Ina tsaka da ɗinki sai in ji, "Munawwara, fito su gan ki." In fito. "Juya." In juya. "Kun ganta nan, da ƙashi da fata ce. Yi musu dariya." In yi musu dariya.

Na san za ku ce me ya hana ni magana. Da farko farin cikin Gwaggo ne ya ɗaure mini baki, matar da ta yi wata uku tana kwana a ƙofar ɗakina. Daga baya kuma na auna na ga a garinmu, yarinyar da ta sha jiƙo ta warke tana da masu so. Wadda ke zuwa asibiti duk wata karɓar maganin ƙwaƙwalwa kuwa, suna ɗaya ake kiranta da shi, kun san shi ba sai na rubuta ba. Sai na ja bakina. Duk wata in ce zan je Birnin Kudu sayen zare da yadin shafi, in ga likita, in dawo da zaren a sama, magani a ƙasa.

Ana haka Safiyanu ya zo, wata takwas ke nan. Dogo, siriri, kaftani ruwan toka da biro uku a aljihu, hula a karkace, ga wata 'yar kula ɗaure a bayan babur cike da kwalabe. Karatun digirin digirgir yake yi a wata jami'a a Kano, bincikensa a kan yadda maganin ciwon damuwa ke aiki a cikin ƙwaƙwalwa. Wata innarsa ce ta ba shi labarin jiƙon. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya roƙi a sam masa kaɗan ya gwada. Gwaggo ta ce in fito. Na fito. Ta ce in juya. Shi ne mutum na farko da ya sunkuyar da kai don kunya a madadina.

Ya buɗe littafi ya ce, "Malama Munawwara, kin sha wani maganin asibiti?"

Gwaggo ta karɓe. "Ta sha na sati uku, ko gezau. Ni da hannuna na zuba shi masai."

Ya dube ni. Ni kuma na gyaɗa kai. Ya rubuta.

Wannan gyaɗa kan shi ne ya ci masa wata takwas na rayuwarsa.

Daga zuwa karɓar jiƙo sai zama ya fara tsawo a zaure. Daga tsawon zama sai ga lemo da biskit. Har dai Gwaggo ta ce, "Yaron nan mai kwalabe, in jiƙo kake so ga randa can, in kuma wani abu ne ka faɗa mu san inda muka dosa." Ya faɗa, yana gumi.

Sauran 'yan mata in an zo musu zance ana ce musu su ne hasken ido. Ni ga irin nawa. Ya zare tsinken tsintsiya ya share ƙasan zaure da tafin hannu ya fara zane.

"Ƙwaƙwalwa cike take da wasu 'yan halittu ƙanana da ido ba ya gani, kowacce tana aika wa maƙwabciyarta saƙo. Maganin asibiti yana sa saƙon ya daɗe a bakin ƙofa, ba a yi saurin kwashe shi ba. Wannan cikin 'yan awoyi yake faruwa."

"To me ya hana mutum warkewa cikin 'yan awoyi?"

Ai kamar na ba shi kyautar mota. Ya gyara zama, hular ta ƙara karkacewa.

"Yawwa, ranki ya daɗe, tambayar ke nan. Saƙon a zaure ya tsaya. Sai wani ya karɓa ya miƙa wa na tsakar gida, na tsakar gida ya miƙa wa na ciki, har ya kai ƙuryar da ake yanke shawara. Can ne za a ba da umarni 'yar halittar ta fara fitar da sababbin rassa, ta gyara hanyoyin da ciwon ya raunana. Wannan gyaran shi ke cin makonni. Haka dai muke zato, ba a gama ganowa ba. Ni aikina a kan waɗannan masu miƙa saƙon na ciki ne."

"To jiƙon Gwaggo fa?"

"In har ya yi cikin kwana uku abin da magani ke yi a sati huɗu, to akwai wata gajeriyar hanya zuwa ƙuryar nan da ba mu sani ba. Kin san mutum nawa ke yar da magani a sati na biyu don sun ga shiru? In na gano hanyar nan, su za a ceta."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a." A raina kuwa na ce, Munawwara, ke dai ba za ki ga da kyau ba.

A ɗakin bincikensu yana kiwon irin waɗannan 'yan halittun a cikin 'yan faranti, yana ba su abinci, yana ɗumama su, in wuta ta ɗauke ya rasa sukuni kamar mai jego. Su yake ɗiga wa jiƙon ya ga ko masu miƙa saƙon za su motsa. Ga irin hirarmu ta waya:

Safiyanu: Barka da hantsi ranki ya daɗe. Ga hoton na yau.

Na buɗe na ga wasu zare-zare kamar saiwar albasa.

Ni: Masha Allah, sun yi kyau.

Safiyanu: Mutuwa suka yi. Tsamiyar ta yi yawa.

Da na gaya wa Gwaggo cewa ta yi, "To ai ba don su na haɗa ba. Ya tambaye su ko suna da damuwa?"

Ya rage tsamiya, ya tace, ya sirka, ya sake. Wani lokaci su ɗan motsa, wani lokaci ko oho. Malaminsa ya ce ya bar zancen nan. Shi kuwa ya ce ba zai bari ba, domin ya ga shaida da idonsa, tana zaune a Kwandiko tana ɗinki.

Ina son shi, kada ku ga ina yi masa tsiya. Ina son shi ƙwarai. Shi kaɗai ne in na yi shiru ba ya cewa in saki raina. Sai shi ma ya yi shirun, mu zauna har in dawo. Ranar da na ba shi labarin Baba bai ce mini in yi haƙuri ba sai da na gama, kuma bai duba agogo ba ko sau ɗaya. Irin wannan mutumin nake yi wa ƙarya duk ranar Asabar, da kwalli a idona da turare a mayafina.

To, mu zo kan wannan satin.

Ranar Litinin da hantsi ina kan ɗinka rigar wata amarya saƙo ya shigo.

Safiyanu: Albishirinki. Baffannina za su zo tambaya ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.

Ni: Alhamdulillahi.

Safiyanu: Hajiya ta gama bincikenta. An ce mata kin taɓa 'yar rashin lafiya, gwaggonki ta yi miki jiƙo kin warke sarai. Ta ce ba komai.

Safiyanu: Na biyu. Litinin mai zuwa zan tsaya gaban malamai in kare aikina. Da labarinki zan buɗe. Ba zan faɗi suna ba.

Na taka keken ban sani ba, na haɗe hannun rigar amarya da wuyanta.

Hajiya Azumi, mahaifiyarsa, tsohuwar shugabar makaranta ce. An ce kafin ta yarda yayansa ya auri matarsa sai da ta san har abin da ya kashe kakar yarinyar. Wannan matar ce ta ce ba komai, a kan labarin da ba haka yake ba.

Gwaggo kuwa ta tashi haiƙan. An yi wa tsakar gida sabon daɓe, an wanke labulaye, an ciro mini atamfata shuɗiya mai zanen ganye da mayafi ruwan madara, an aika Gwaram a sayo lemo. Tana turara ɗakina ta ce, "Kuma ki ji da kyau. Ko a gaban matansu kada ki kuskura ki ambaci asibitin nan da kika taɓa zuwa. Abin da ya wuce ya wuce."

Na ce to. Maganin yana taku biyu daga inda take tsaye.

Ranar Talata wajen ƙarfe goma aka yi sallama. Wata dattijuwa daga Zandam, da galan a hannu, tana janye da 'yarta. Ina jiyo su daga ɗaki.

"Sunanta Hapsatu. Tun da ta haihu wata uku ke nan ba ta ci, ba ta magana, yaron ma sai an ɗora mata. Mun je asibiti sun ba ta wani ɗan magani. Kwana goma sha biyu tana sha, ba mu ga komai ba, muka ajiye. Aka ce mu zo wurinki."

"Kun zo gida," in ji Gwaggo. "Munawwara, fito su gan ki."

Na fito da doguwar rigata ta zaman gida, tef ɗin awo rataye a wuya. Gwaggo ta ce in juya, na fara juyawa, sai idona ya faɗa kan Hapsatu. Yarinya ce ba za ta wuce sha tara ba. Tana zaune bakin tabarma, jariri na tsala kuka a bayanta, ita kuma ta zuba wa babban yatsan ƙafarta ido. Ba baƙin ciki a fuskar, ba komai. Na san wannan kallon. Da shi na kalli allura wata uku.

Kwana goma sha biyu. Ta yi rabin hanya aka dawo da ita.

Gwaggo ta ce, "Yi musu dariya mana."

Na koma ɗaki, na ja aljihun keke, zarurruka suka zube suna gangarawa. Na fito na durƙusa gaban dattijuwar na ajiye katin a kan tabarma.

"Inna, irin wannan aka ba ta?"

Ta ɗauka ta juya. "Kamarsa ne, wallahi."

"Shi nake sha. Yau wata goma sha huɗu ban fasa ko kwana ɗaya ba. Ni ma sai da na yi kwana ashirin da huɗu kafin in ji komai. Ku mayar da ita wurin likitan gobe, ku gaya masa kun daina, ku yi abin da ya ce."

Gwaggo na tsaye da moɗa a hannu, jiƙo na ɗiga a kan sabon daɓe.

"Wanda na zuba masai?"

"Kati biyu ne, Gwaggo."

"Zaren da kike sayowa duk wata?"

"Ina sayowa. Amma ba shi ke kai ni ba."

"Wata goma sha huɗu ina ba ki jiƙona kina cewa alhamdulillahi."

"Tun wata na biyu a gindin zogale nake zubawa."

Gwaggo ta juya ta dubi zogalen. Ya yi tsawo ya wuce katanga, ganye shar. Ta nuna wa dattijuwar shi da moɗa.

"To kin gani. Ko itace ya sha ya san ya sha."

Na so in yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ajiye moɗar a kan randa a hankali, ta matso, ta yi ƙasa da murya yadda baƙin ba za su ji ba.

"Ni ba ta jiƙo nake ba, 'yar nan. Kin san abin da kika yi wa kanki? Kafin magariba Zandam ta ji. Kafin Juma'a Birnin Kudu ta ji."

"Na sani, Gwaggo."

Sannan ta juya ga dattijuwar da muryarta ta kullum. "Ku koma asibiti gobe da sassafe, kamar yadda ta ce. Kawo galan ɗin in zuba muku, ku tambayi likitan in ya yarda a haɗa. In bai yarda ba kuna da zogale ai." Ta kwance jaririn daga bayan Hapsatu da kanta ta saɓa a kafaɗa tana jijjigawa, ba ta sake duban inda nake ba.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya. Sau huɗu ina rubutawa ina gogewa.

Ni: Ka zo yau in da hali.

Safiyanu: Lafiya? Sabon haɗi Gwaggo ta yi?

Ni: Ka dai zo.

Bayan la'asar na ji tsayuwar babur. Ban sa atamfa ba, ban sa kwalli ba, hijabin sallata na zura na fita. Yana zaure da kularsa da kwalabe shida wankakku, bakinsa har kunne. Muka gaisa. Na ajiye katin a kan tabarma tsakaninmu.

Ya ɗauka ya karanta sunan. Ba sai an yi masa bayani ba, sunan da yake rubutawa ne kullum.

"Na wa?"

"Nawa. Ban taɓa dainawa ba. Ranar da ka tambaye ni na gyaɗa kai, da safen ranar ma na sha."

Na jira ya tashi, ko ya yi faɗa. Sai na ga ya zaro biro.

"Wace rana kika fara?"

Na faɗa.

"Wace rana kika fara jin yunwa?"

Na faɗa. Ya ƙirga da yatsu, leɓensa na motsi, sai fuskarsa ta washe.

"Ashirin da huɗu. Sati uku da kwana uku. Daidai lokacin ke nan, Munawwara. Shi ya sa 'yan halittun suka ƙi motsi. Ashe ba hannuna ne ba shi da kyau ba, gaskiya suke gaya mini tun farko."

Jama'a, na zo da zuciyata a hannu, mutumin nan yana taya 'yan halittunsa murna. Haushi ya kama ni har na manta ni ce mai laifi.

"Malam Safiyanu, ka ji abin da na ce kuwa? Ƙarya na yi maka. Wata takwas."

Murmushin ya tafi. Ya dubi littafinsa, wanda ya cika har ya kumbura, ya shafa bangon da yatsa. Ya dubi kwalaben.

"Na ji. Kuma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ranar Litinin zan tsaya gaban mutum bakwai in ce malamina ne ke da gaskiya. Ƙila a ƙara mini shekara." Ya ɗago ya dube ni. "Sau nawa na zauna a nan ina zana miki yadda maganin nan ke aiki? Ni ne mutumin da ya fi kowa sauƙin gaya wa a duk ƙasar Gwaram."

"Kai ɗin na fi tsoron rasawa."

Ya rufe littafin ya sa a cikin kula tare da kwalaben, ya mayar da murfi. Wata mata ta wuce ta ƙofar zaure da tulu, ta rage tafiya, ta leƙo, ta wuce. Ko ba a faɗa ba na san labari ya fara zagayawa.

"Wa ke raka ki asibitin?"

"Ba kowa."

"Duk wata? Ke kaɗai a layin?"

"Ina ja mayafi in rufe fuska. Ba wuya."

Ya cire hular ya riƙe a hannu, ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Ni dai ina nan a kan maganata. Amma ba zan bari baffannina su zo ranar Juma'a a kan labarin da ba shi ba ne. Sai Hajiya ta sani."

"In ta ce a'a fa?"

"Ban sani ba, Munawwara. Zan yi iyakar ƙoƙarina. Amma ban taɓa cin nasara a kanta ba ko a kan launin hula."

Da ya ce mini kada in damu, da na san lallashi ne. Wannan amsar ta fi tsorata ni, kuma ita ta sa na ƙara son shi.

Ya zaro waya ya nemo lambar. "Gara ta ji daga gare ni kafin ta ji a bakin 'yan kasuwa." Ya danna, ya kai kunne. Ina jiyo ƙarar shigarta, ɗaya, biyu.

Wata goma sha huɗu wasu ke ba da labarina ina tsaye ina juyawa. Na miƙa hannu.

"Ba ni."

Ya dube ni, ya dubi hannun, ya saka mini wayar a ciki. Daga can wata murya mai kauri ta ce, "Safiyanu, ina ka shiga tun azahar?"

Na gyara durƙuso kamar tana gabana.

"Hajiya, ina wuni. Ba shi ba ne, Munawwara ce ta Kwandiko. Binciken da kika yi a kaina akwai abin da ba a gaya miki ba, kuma ina so ki ji shi daga bakina."

Na ji an ja kujera, an kashe rediyo.

"Ina jin ki," in ji ta.